Babur Ɗin Da Muka Sayo Daga Jangeru

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina aiki ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Zurmi, ina awon ciki da rigakafin yara, gidanmu kuma yana Kaura, bayan tashar jirgi. Tun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato aka rarraba ma'aikata takardata ta faɗa can, ban kuma nemi a canza mini ba, don mutanen wurin sun karɓe ni hannu biyu. Tafiyar ce kawai da wuya. Nakan shiga motar Zurmi da sassafe in sauka a wata mararraba, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ta burji da yashi, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba. Na fi shekara uku a haka.

Sai aka ce 'yan kabu-kabu su daina ɗaukar mata. Ban ja da dokar ba. Mun ji an kawo motocin mata a Gusau, amma mararrabarmu ba ta ga ko ɗaya ba. Ranar farko, samarin da suka saba rige-rigen ɗaukata suka gaishe ni daga nesa, kowa ya duƙa yana goge tankinsa. Na aza akwatin allurar rigakafi a kai na taka da ƙafa. Ban isa ba sai da rana ta take, ƙanƙarar da ke cikin akwatin ta fara zama ruwa, rabin matan da suka zo awo sun gaji da jira sun koma ɗora tukunya. Wasu ranakun nakan dace da amalanken shanu, wasu ranakun babu.

Maigidana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a ɓangaren kaya, amma a lokacin jirgi sai ya yi makonni bai shigo Kaura ba. Yakan je ya sa hannu, a yi hira a inuwar tasha, ya dawo. Da ya ga yadda ƙafafuna ke kumbura sai ya ce shi zai riƙa kai ni, tunda miji ba a hana shi ɗaukar matarsa ba. Yana da wani ƙaramin babur da ya saya tun kafin aurenmu, da shi muka fara.

Ni mace ce mai jiki, shi kuwa siriri ne kamar kara. In na zauna a baya sai babur ɗin ya durƙusa, gaban ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa a hannunsa. A kan kwalta muna lallaɓawa. Da mun shiga yashi sai in sauka in bi shi a ƙasa yana tura babur da ƙafafu. Kowane rami kuwa a ƙuguna yake ƙarewa. Sati uku muka yi a haka, taya ta fashe sau huɗu, ranar ƙarshe ƙarfen da ke riƙe da kujerar ya tsage. Da muka dawo gida ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya ce sai dai a nemi babba. Sabo ba namu ba ne, sai na hannu. Ina da bajimi da nake kiwo a wurin wasu Fulani kusa da Shinkafi, na aika wa kawuna da ke can ya sayar ya riƙe kuɗin a wurinsa har mu samu abin da muke nema.

Mun duba guda biyu a Kaura, ɗaya a Zurmi. Duk inda za shi ina biye da shi, abin da masu sayarwa ba su saba gani ba. Shi yakan tsuguna ya duba inji, ya saurari ƙara, ya shinshina hayaƙi. Ni kuwa kujerar nake dubawa, da inda zan aza ƙafa. Na farkon injinsa lafiya lau, amma kujerar gajera ce, in mun hau rabina a kan kariya zai zauna. Na biyun an sha kabu-kabu da shi har ya gaji, an dai yi masa sabon fenti. Na Zurmi mai shi ya ce da ni, cikin ladabi, wai Hajiya ta koma inuwa a gama maganar maza. Maigidana ya ce masa ai Hajiyar za a saya wa, shi direba ne kawai. Wannan ma ba mu saya ba, babu takarda ko ɗaya a kansa.

Ana cikin bazara Kawu ya aiko cewa ya ji labarin wani a kasuwar Alhamis. Wani tsohon malamin dabbobi ne a Jangeru, ya yi ritaya, yana da wani ƙaton babur a rumfa ya kusa shekara ba a hau ba. An ce masu shigo da kaya ta daji sun sha zuwa taya shi saboda gudunsa, ya hana su. Ranar Asabar muka shiga mota zuwa Shinkafi, muka ɗauki Kawu, muka samu wata a-kori-kura ta sauke mu a Jangeru da hantsi.

Tsohon dogo ne, yana ɗingisa ƙafar dama. Ya shimfiɗa wa maza tabarma a ƙofar gida, ya janye buhunan da ya lulluɓe babur ɗin da su. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tsayinsa ya kai ƙirjin maigidana, tankin kamar tulu, ga gilashi a gaba mai tare iska, ga akwatunan ƙarfe biyu a gefe da gefe. Kujerar doguwa ce mai faɗi, bayanta ya ɗan ɗara gaban tudu. Fentin ya koɗe, amma babu tsatsa. Tsohon ya ce a ƙetare ya saye shi, wajen Maraɗi, a hannun wani Bature da matarsa da suka ratso hamada a kansa, suka gaji, suka sayar suka koma ƙasarsu ta sama. Shi kuma ya yi shekaru yana bin rugage da shi yana yi wa shanu allura. Abin da ya raba shi da babur ɗin shi ne tayarwa. Da ƙafa ake buga shi, in kuma ba a iya ba yakan yi harbi kamar jaki, shi ya taɓa masa gwiwa. Ya ce da gangan bai tayar da shi ba kafin mu zo, don mai saye ya ga yadda yake tashi da sanyinsa.

Maigidana ya taɓa injin ya ji shi sanyi ƙalau, na ga ya ji daɗin hakan. Ya tuɓe babbar riga ya fara zagaya shi. Ni kuma aka ce in shiga ciki in sha ruwa.

Matar gidan Bafulatana ce, 'yar ƙaramar tsohuwa, Hausarta da ɗan gargada. Ta kawo mini fura da nono mai kyau, ta zauna tana kallona har na sha rabi. Sai ta tambaye ni ko ni ce za a riƙa ɗauka. Na ce ni ce. Ta ce to in saurara, don abin da za ta gaya mini tsohon ba zai gaya wa mijina ba.

“Ba ƙarya zai yi mashi ba, ɗiyata,” in ji ta. “Bai sani ba ne. Shi bai taɓa zama baya ba.”

Ashe ita ma ta yi shekaru a bayan wannan babur. Danginta suna warwatse a rugage har cikin Nijar, duk suna ko rasuwa a kansa suke zuwa, in kuma zai shiga rugar da mata ba su sakin jiki da baƙo yakan tafi da ita. Ta ɗage zanenta ta nuna mini wani tabo a ƙwaurin dama, faɗinsa ya kai tafin hannun jariri. Salansa ce, wato bututun hayaƙin babur ɗin, ta ƙone ta a watan farko. Ta ce kullum ta hagu zan hau, ta hagu zan sauka, ko da gobara ake yi. Ta tambaye ni yadda nake zama a babur, na ce a gefe, ƙafafu a haɗe, kamar yadda na tashi na ga manyan mata suna yi. Ta girgiza kai ta ce wannan zaman na cikin gari ne, a yashi zubar da ni zai yi, ya ja mijina ya bi ni. In sa wando a ƙarƙashin zane in zauna sosai kamar mai hawan doki. Hijabin kuma in tattara shi in danne da cinyoyina, kada in bar ko ɗan leɓatu yana lilo kusa da taya, don ta san wadda sarƙa ta fizge wa mayafi ta kusa shaƙe ta.

Daga nan ta shiga lissafa mini halayen babur ɗin kamar mai ba da labarin dabbar da ta yi kiwo. Soson kujerar baya ya mutu tun tuni, ita ta farke ta cusa auduga ta ɗinke, zai buƙaci sabo. Ƙarfen da ake riƙewa a baya yana kwancewa, kada in dogara da shi. In mutum biyu za su hau sai an ƙara wa tayar baya iska. Babban abin kuma shi ne shokazoban hagu ya saki, in aka faɗa rami sai ka ji ya buga har ƙashin baya, babur ɗin ya ɗan karkata. Na tambaye ta to in ban riƙe ƙarfen ba me zan riƙe. Ta ce mijina. Na ce Inna, a wannan lokacin da ake ciki, a kan titi, mutane na gani? Ta ce ai amfanin babban hijabi ke nan, ba wanda ya san inda hannunki yake.

Muna cikin haka muka ji ya tashi a waje. Ƙarar ba irin ta ƙananan babura ba ce, ƙasa-ƙasa take, kana jin ta a ƙirji. Kaji suka watse. Ta ɗauko wani wandonta na atamfa ta ce in gwada, bai wuce gwiwata ba, muka yi dariya. Ta shiga ɗakin tsohon ta ɗauko nasa, wani mai zariya, shi na sa a ƙarƙashin zanena na fito.

Na tarar maigidana yana haƙi, gumi ya jiƙe masa 'yar shara. Sai a bugu na tara ya tashi, in ji Kawu, kuma sau ɗaya ya harbe shi. Ya riga ya duba mai, ya duba sarƙa da haƙoranta, ya tsaya a baya ya ga hayaƙin ba shi da yawa. Fuskarsa ta nuna ya gama yanke shawara. Na matsa kusa na ce masa, a hankali, ya danna bayan ta hagu ya gani. Ya danna dama, ya dawo da ƙarfinsa. Ya danna hagu, ya nutse ya taso a kasale, ga kuma danshin mai a jikin ƙarfen da ƙura ta lulluɓe. Tsohon ya matso ya danna da kansa, ya sake dannawa. Ya tambaye ni a ina na sani. Kafin in amsa ya juya wajen zana ya ɗaga murya ya yi wa matarsa magana da Fulatanci, ta amsa daga ciki ba tare da ta fito ba. Kawu yana jin harshen, shi ya fassara mana yana danne dariya. Cewa ta yi ta fi shekara biyar tana gaya masa, amma a kan hanya take faɗa, iska na kaɗawa, shi kuma duk abin da ta ce sai ya ce to.

Tsohon bai ji haushi ba. Ya ce a cire kuɗin gyaran daga ciniki, sannan ya ƙara da abin da shi ya sani. Tayar baya ba a samun irinta a nan, sai an yi saƙo ƙetare. Yana ɗan shan baƙin mai, a riƙa dubawa duk Juma'a. Fitila tana wasa in an sha rami. Ya ce kuma ba zai karɓi ko kwabo ba sai mun hau mu biyu mun je gulbi mun dawo, don wanda ya gwada babur shi kaɗai bai gwada komai ba in da mutum zai riƙa tafiya.

Na hau ta hagu, na zauna yadda aka koya mini, kunya kamar ta kashe ni, ga Kawu a tsaye. Ƙafafun maigidana da ƙyar yatsunsa ke taɓa ƙasa. Muka fita ta bayan gari muka bi burtali. Abin da na fara lura da shi shi ne babur ɗin bai san na hau ba. Bai durƙusa ba, kan bai yi rawa ba, akwai kuma sarari tsakanina da Malam, maigidan nawa, da ma inda zan aza jaka. Ƙafafuna suka samu mataki mai faɗi. Muka faɗa wani rami na ji bugun da Inna ta faɗa, daidai inda ta ce.

Gulbin ya ƙafe, yashi ne fari tun daga wannan gaɓa har waccan. Malam ya rage gudu ya shiga a tsorace. Kan ya fara lilo, babur ɗin ya kwanta dama, ni kuma don tsoro na jefa jikina hagu da ƙarfi, na kama ƙarfen bayan da aka ce kada in kama. Ya sa ƙafa bai samu ƙasa ba. Muka kwanta a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, mu duka uku. Babu wanda ya ji ciwo. Injin ya mutu, fetur ya fara ɗiga daga murfin tanki. Ya gwada ɗaga shi shi kaɗai bai ko motsa ba. Sai da na sa kafaɗa a akwatin gefe, shi ya kama kai, muka yi bisimilla tare, sannan ya miƙe.

Muka tsaya muna numfashi, yashi na ƙona mana ƙafa. Wani makiyayi a can gaɓa ya tsaya yana kallonmu shi da shanunsa. Maigidana ya share fuska ya ce, ba tare da ya dube ni ba, abin nan ya fi ƙarfinsa, mu mayar wa mai shi mu ba shi haƙuri. Ya ce in ya kayar da ni a kan kwalta me zai gaya wa mutanen gidanmu.

“Malam, ba kai ka kayar da mu ba,” na ce masa. “Ni ce. Ka kwanta dama na ja hagu. Mu sake, in mun faɗi kuma sai mu mayar.”

Sai ya hau ya buga. A bugu na uku ya tashi. Muka tura shi zuwa gaɓa, muka juyo. Wannan karon na zura hannuwana ta ƙarƙashin hijabi na riƙe shi gam, na rufe ido, na ƙudura duk inda ya yi nan zan yi. Shi kuma ya tuna abin da tsohon ya gaya masa, cewa yashi ba ya son mai tsoro, a ba shi wuta a bar kan ya nemi hanyarsa. Na ji bayan yana wutsil-wutsil kamar kifi, sai kuma na ji ƙasa mai tauri. Muka sake ratsawa sau biyu don mu tabbatar ba sa'a ba ce.

Da muka koma tsohon ya dubi yashin da ke gefen akwati da wanda ke kafaɗata, bai tambaya ba. Ya ce shi sau uku ya faɗi a makonsa na farko. Aka zauna ciniki, bai ɗauki lokaci ba, Kawu ne a tsakani. Tsohon ya kama hannun maigidana ya ce ya sallama, Allah ya sa a mora, aka shafa fatiha. Ya shiga ya fito da wata jakar leda, a ciki akwai takardun ƙetare da Faransanci, da na kwastan, da na lamba, duk a ninke tsaf. Liman ya zo ya rubuta takardar sayarwa da ajami, maigidana ya kwafa da boko, shaidu suka sa hannu. Ya haɗa mana da famfon iska da sifanu uku da wani filogi sabo a kwalinsa. Na shiga in mayar da wandon, Inna ta ce in tafi da shi, ai ba zan koma Kaura da zane kaɗai ba. Ta rako ni har bakin zana ta tsaya nan. Tsohon kuwa da muka tayar bai jira ya ga tafiyarmu ba, ya ɗebi buhunan da yake lulluɓe shi da su ya shige gida.

Kawu ya bi mota. Mu muka kamo hanya bayan la'asar, muka ratsa Shinkafi muka hau kwaltar Kaura. A kan kwalta babur ɗin wani abu ne daban. Gilashin ya tare mana iska har muna iya magana, Malam yana ta ba ni labarin giyoyin babur ɗin, ni ina cewa ya rage gudu. A mashigar wani gari wasu samari masu aikin sa-kai suka ɗaga mana hannu. Suka yi sallama, suka gaishe mu, babbansu ya tambayi maigidana wace ce ya ɗauko. Ya ce iyalinsa ce. Ya tambaya ko akwai wata shaida. Maigidana ya ce aurenmu a zauren mahaifina aka ɗaura shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, goro aka raba, ba takarda ba. Suka dubi juna. Ina ganin su ma ba a gaya masu abin da za su yi in an ba su wannan amsa ba. Babban ya tambaye ni sunan unguwarmu da yawan 'ya'yanmu, ya zagaya ya tambayi Malam a gefe, amsa ta zo ɗaya. Ya ba mu haƙuri, ya ce aiki ne aka sa su. Sauran kuwa tuni sun kewaye babur ɗin suna tambayar giya nawa gare shi. Washegari maigidana ya je wurin limamin unguwarmu ya karɓo 'yar takarda cewa ni matarsa ce, ya sa ta cikin jakar ledar tare da na kwastan. A duk shekarun da muka yi sau biyu kawai aka nemi ganinta.

Mun iso gida kafin magariba, sai ga matsalar da ba wanda ya yi tunaninta. Babur ɗin bai shiga ƙofar zaurenmu ba, akwatunan sun tokare. Maƙwabta suka taru kowa na ba da shawara, daga ƙarshe aka kwance akwatin ɗaya aka shigar da shi a karkace. Sati biyu ana haka safe da yamma kafin Malam ya kira magini ya faɗaɗa ƙofar.

Bakaniken da ke bakin kasuwar hatsi bai samu irin shokazoban ba, sai ya nemo na wata ƙaramar mota ya yanke ya daidaita, ya yi kuwa. Mai ɗinkin kujerun mota ya sa sabon soso. Akwatin dama, da yake yana kusa da salansa, muka bar wa kayan gyara, na hagu kuma akwatin allurata ya shige shi kamar don shi aka yi. Ranar Litinin ta farko na isa asibiti kafin mai shara ya gama, ƙanƙarata ko gumi ba ta yi ba.

Fetur yana wuya a shekarun, zuwa biyu a rana ba zai yiwu ba, don haka ranakun da ba shi da aiki a tasha sai Malam ya zauna a ƙauyen ya jira ni in tashi. Da farko a gindin wata tsamiya yake wuni da rediyonsa. Da damina ta matso mai garin ya ce zaman ya isa haka, ya ba shi aron wata gona a bayan asibiti. Mutumin da rabonsa da fartanya tun yana makarantar firamare, sai ga shi yana shuka gero da wake. Damina huɗu ya noma ta, kuma a akwatin dama da bayan kujera muka riƙa kawo amfanin gida kaɗan-kaɗan, ni ina rungume da ragowar.

A hanyar nan muka riƙa yin maganganun da gida ba ya barin mu yi, don gidanmu na gado ne, cike yake da 'yan'uwa da yara, ko tari ka yi an ji. Maganar karatun babbar 'yarmu a kan babur aka yanke ta, haka ma ta ginin da muka fara a bayan gari. Faɗa ma mun yi a kai. In na yi fushi nakan saki rigarsa in kama gefen kujera, shi kuma ya gane, ya rage gudu har mararraba.

Tayar baya ta ba mu wahala kamar yadda aka faɗa. Da ta cinye sai da muka jira wata biyu kafin wani direban da ke zuwa Maraɗi ya samo mana, a tsakanin nan faci a kan faci muka riƙa yi. Sau ɗaya kuma ruwa ya cika wani kwazazzabo muka kwana biyu ban je aiki ba. Ban da wannan bai taɓa barin mu a hanya ba.

A shekara ta biyar aka dawo da ni Kaura, asibitin da nake iya zuwa da ƙafa. Babur ɗin ya koma na zuwa Shinkafi gaida Kawu da zuwa biki. Daga baya ciwon baya ya kama Malam, likita ya hana shi buga shi. Wani malamin makaranta daga Kurya Madaro ya zo taya babur ɗin, ya ce mahaifinsa yake kaiwa asibiti Gusau duk wata, ƙaramin babur yana wahalar da tsohon. Malam ya ce ya je ya zo da mahaifin nasa tukuna. Ya dawo da shi ranar wata Lahadi, dattijo mai fama da ciwon suga, muka taimaka masa ya hau, suka zagaya bayan tasha suka dawo. Dattijon ya ce kujerar ta yi masa, sai dai matakin ƙafar ya yi masa nisa kaɗan. Bakanike ya ɗaga matakin a ranar, suka tafi da shi bayan azahar.